Katin zinaren kamfanin jirgi: na tara maki, na biya kuɗi, Dada ta zauna a ikonomi

Duk wanda yake tashi daga filin jirgin Lawanti na Gombe zuwa Abuja akai-akai na san an taɓa miƙa masa wani fom a kaunta an ce ya cike, wai za a riƙa tara masa maki a kowace tafiya, in makin ya taru sai a ɗaga masa tikiti daga ikonomi zuwa bizines, wato kujerun gaba masu tsada, ko ma a ba shi tafiya guda kyauta. To ni na cike, na daɗe ina tarawa har suka kai ni matakin da suke kira katin zinare, kuma abin da zan faɗa a kai shi ne kada kowa ya ƙara ko sisi a kan kuɗin tikitinsa saboda wannan katin. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda ƙorafina yana gaban hukuma yanzu haka. Jirginsu ba laifi, matuƙansu sun san aiki, amma tsarin makin nan da ɓangaren da suke kira kastoma kiya gaskiya abin takaici ne, kuma raina ya ɓaci sosai.

Sana'ata hatsi ce, wake da riɗi da masara, daga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe muke lodi zuwa kudu, shi ya sa Abuja da Legas suka zame min dole. Wanda bai san hanyarmu ba zai ce to ka hau mota mana, amma mu mun san abin da ake nufi da Gombe zuwa Abuja a mota, ka bi Alkaleri ka shiga Bauchi ka haura Jos ka gangara Akwanga da Keffi, yini guda cur ya tafi ka isa jiki duk ya yi tsami, alhali a jirgi kamar awa ɗaya ce. Kuma mu nan ba kamar Legas ko Kano ba ne da in wannan kamfani ya ɓata maka rai sai ka matsa kaunta ta gaba. Jiragen da ke sauka mana ba su da yawa, in ka rasa na yau sai dai gobe ko jibi, ko ka ja mota zuwa filin jirgin Tafawa Balewa na Bauchi ka gwada sa'a. Sun san da haka sarai, kuma a ganina shi ya sa ba sa jin komai in sun wulaƙanta fasinjan Gombe.

Bari in yi bayanin yadda makin yake aiki don ranar cike fom ba wanda zai zaunar da kai ya gaya maka. Kujerun ikonomi da kake gani iri ɗaya a cikin jirgi ba iri ɗaya ba ne a kwamfutarsu, an kasa su aji-aji, kowane aji da harafinsa, in ka duba tikitinka da kyau za ka ga wani harafi guda ɗaya shi kaɗai, to wannan harafin shi ne komai. Mai araha maki kaɗan yake kawowa, na garaɓasa wani lokaci ba ya kawo komai, kuma da yawansu ba a yarda a ɗaga su zuwa bizines ba ko da makinka ya kai nawa. Sannan ko a bizines ɗin ba duk kujerun da babu kowa ake sakewa masu maki ba, 'yan kaɗan ne, sauran suna riƙe da su ko mai kuɗi a hannu zai zo. Ga kuma wa'adi, in ka yi wani lokaci ba ka yi tafiya ba sai makin ya ƙone. In ta hannun ejan ka sayi tikiti kuma bai saka lambar katinka ba, sai ka bi su da bodin fas, wato takardar shiga jirgi, kana roƙo a zuba maka haƙƙinka. Duk wannan ba su suka ƙirƙiro ba, tsarin ya daɗe a duniya, tun 1981 kamfanin American Airlines na Amurka ya fito da nasa, kuma ko a ƙasashen waje akwai kamfanonin da suke karɓar ƙarin kuɗi a kan makin kafin su ɗaga maka kujera. Ban ce karɓar kuɗin haramun ba ne. Abin da na ce shi ne a rubuta shi ɓaro-ɓaro inda mutum zai gani tun kafin ya fara tarawa, ba sai ya zo da buƙata ba a fito masa da lissafi.

Ni kuma na riƙe musu amana, wannan shi ne abin da ya fi yi min ciwo. Sau da dama akwai tikiti mai sauƙi a wani kamfani daga Abuja zuwa Legas amma sai in ce a'a bari in tsaya wa mutanena, yarana na shago in zan tura su nan nake saya musu, har abokan kasuwa na ja musu. Ban taɓa taɓa makin ba, don ni zaman ikonomi na awa ɗaya bai dame ni ba, ina ajiye shi ne saboda rana irin wadda ta zo.

Dada, mahaifiyata, gwiwoyinta sun matsa mata, likita ya ce a kai ta Abuja a duba ko za a yi aiki. Doguwar mace ce, kuma ƙafar dama ba ta lanƙwasuwa sosai, salla ma a kan kujera take yi. Na ce to alhamdulillahi ga ranar makin nan ta zo, in sa ta a gaba ta miƙe ƙafa. Na buɗe manhajarsu a waya, ta nuna makina ya isa har da saura, na danna wajen ɗaga tikiti sai ta yi ta juyawa ta ce in kira kastoma kiya. Na kira. Wata murya da aka naɗa ta ce danna ɗaya danna biyu, sai kiɗa, kiɗan nan yana tafiya katin wayata yana tafiya, can sai layin ya yanke da kansa. Na sake kira haka, na sake haka. Da aka ɗauka daga ƙarshe sai wani ya ce shi ɓangaren sayar da tikiti yake, maganar maki sai in tura imel. Na tura imel ɗin, nan take amsa ta dawo cewa sun karɓi saƙona ga lambar ƙorafi, daga nan shiru kake ji. Kuma duk wannan da Turanci ne fa, babu zaɓin Hausa ko ɗaya, ina tunanin dattijon da zai je Umra ko asibiti wanda ba shi da yaro a kusa, yaya zai yi da su?

Da ranar ta matso sai na ɗauki mota na tafi Lawanti takanas, tafiyar da ba kusa ba daga cikin gari, don kawai in ga fuskar mutum. Yarinyar da ke kaunta ta gaishe ni da ladabi ta karɓi katin ta yi ta danne-danne, sannan ta ɗago.

"Alhaji makinka ya isa, amma akwai kuɗin da za ka cika."

Na ce kuɗin me kuma?

"Tikitin Hajiya ajinsa ba ya ɗaguwa, sai an fara mayar da shi babban ikonomi ka biya bambancin, sannan akwai kuɗin ɗagawa, sannan haraji."

Ta buga a kalkuleta ta juyo min da ita ta saman kaunta. Na duba, na ce ta gaya min nawa ne bizines ɗin in da kuɗi zalla zan saya ba maki, ta faɗa. Wallahi abin da suke nema in cika ya haura rabin bambancin da ke tsakanin tikitin da ke hannuna da bizines ɗin, nesa ba kusa ba, kuma a kan haka za su kwashe kusan duk makin da na yi shekaru ina tarawa. Na ce ƙanwata to shi makin me ya biya ke nan? Ta ce yallaɓai haka sistem ya nuna. Na ce wane haraji ne ya ƙaru, ai kuɗin amfani da filin jirgi da hukumar filayen jiragen sama FAAN ke karɓa yana cikin tikitin da na riga na biya, in kuma kashi 5 cikin 100 na hukumar sufurin jiragen sama NCAA ne a nuna min nawa ne shi kaɗai. Ba ta iya rarrabewa ba, kuma ban ga laifinta ba don abin a dunƙule ya fito mata. Na nemi manaja, ya fito ya ba ni hannu ya ce ranka ya daɗe ka yi haƙuri wannan daga hedikwata ne, mu nan ba mu da ikon cire ko naira ɗaya. Na biya. Uwa ce, ba zan tsaya ciniki a kan ƙafarta ba. Na yi tiransifa, alat ya shiga, suka cire makin, aka ba ni sabon tikiti da lambar kujera a layin gaba.

Ranar tafiya mun iso da wuri. Lokacin tashi ya yi ya wuce ba jirgi ba bayani. Ni ɗan Gombe ne na san hazo, in hunturu ya kankama kura ta rufe sama ba mai hankalin da zai zargi kamfani don jirgi bai sauka ba, rai ya fi komai. Amma ranar garau gari yake. Aka yi azahar aka yi la'asar, sanarwa ɗaya tak aka yi wai saboda dalilan aiki, ko ruwan leda ba a miƙa wa kowa ba, Dada na kan keken guragu tana ta gyara zama tana jan carbi, ga masu jarirai, ga wani bawan Allah da yake ta kiran waya yana ba da haƙuri don jirginsa na Legas zai tafi ya bar shi. Ma'aikatan kuma duk sun ɓace daga kaunta, wanda ka tare a hanya sai ya ce yana zuwa.

Da yamma liƙis jirgi ya sauka, sai ga shi ƙarami ne ba wanda aka tsara ba, babu bizines a cikinsa kwata-kwata. A bakin ƙofar fita aka karɓi bodin fas ɗin Dada aka soke lambar da biro aka rubuta wata. Ba wanda ya kira ni gefe tun da rana ya ce Alhaji ga abin da ya faru, ga zaɓin da kake da shi, alhali tun kafin jirgin ya baro inda ya baro sun san wanne suka turo. Na ga yadda ta shiga layin nan, ta dafa bayan kujerar gabanta da hannu biyu ta sauka a hankali tana cije leɓe, ƙafar ta ƙi shiga sai da ta miƙe ta a hanyar wucewa. Na fara ɗaga murya sai ta kama hannun rigata ta ce "Bari, Allah dai ya sauke mu lafiya." Allah ya saka wa ma'aikaciyar cikin jirgin da alheri, ita ta lura ta je ta roƙi wani matashi da ke layin farko, shi kuma ko musu bai yi ba ya tashi ya ce Mama zo ki zauna nan. Wato abin da na biya kuɗi da maki don in samu, a ƙarshe mutuncin wani yaro da ban sani ba ne ya ba ni shi.

Daga nan aka shiga maganar mayar da kuɗi, wanda shi ne ainihin inda na gane ba su da tsari. A Abuja suka ce in koma inda na biya. A Gombe suka ce in tura imel. Imel ya ba ni sabuwar lambar ƙorafi. Na bi su ta Facebook da WhatsApp, can ma amsar ɗaya ce, mun tura wa sashen da abin ya shafa. Kowane sabon mutum da ka samu sai ka faro masa labarin daga farko kamar ba a taɓa rubuta komai ba, ya ce ka turo hoton tikiti, ka turo hoton rasit, abin da ka riga ka tura. Ba zagi ba tsawa, kowa da ladabinsa, amma babu mutum ɗaya a cikinsu da zai iya cewa na ɗauki nauyin wannan, ran kaza za ka ga kuɗinka. Bayan makonni wani ɓangare na kuɗin ya shigo ba tare da bayanin yadda aka yi lissafin ba. Makin kuwa har yau bai dawo ba, sai ma saƙo da suka turo min wai ɗan ragowar da ke cikin katin zai ƙone ƙarshen wata in ban yi tafiya ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne akwai doka a kan duk wannan, ba alfarma suke mana ba. Sashe na 19 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, wanda aka sabunta a 2023, ya yi maganar haƙƙin fasinja dalla-dalla. A tafiyar cikin gida in jinkiri ya kai awa 2 dole su ba ka abin taɓawa da abin sha, in ya kai awa 3 kana da ikon cewa ka fasa a mayar maka da kuɗinka, in kuma abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba to masauki da motar kai ka a kansu yake. Kuɗin da ka biya ta banki ko ta intanet cikin kwana 14 ya kamata ya dawo. Wanda ya fi shafata kuma, in suka sauke ka daga ajin da ka biya zuwa na ƙasa, bayan bambancin kuɗin akwai ƙarin kashi 30 cikin 100 na kuɗin tikitin a tafiyar cikin gida. Ba wanda ya ambata min ko ɗaya daga cikin waɗannan a kaunta. Kuma hukumar tana motsi in an kai mata, a Disambar 2024 ta sanar da ɗaukar mataki a kan kamfanoni biyar saboda irin waɗannan laifuka na ƙin mayar da kuɗi a kan lokaci da wasa da kayan fasinja. Matsalarmu a nan Arewa mun cika cewa a bar wa Allah, haƙuri abu ne mai kyau amma in ba a rubuta ƙorafi ba a takarda kamar abin bai faru ba ne, gobe kuma uwar wani za a yi wa.

In za a yi adalci, na san harkar jirgi a ƙasar nan ba sauƙi. A 2022 man jirgi ya tashi daga wajen naira 190 lita zuwa 700 cikin 'yan watanni har kamfanonin suka yi barazanar ajiye aiki a watan Mayu, a shekarar ne ma mafi ƙarancin tikiti ya koma naira 50,000 muna ta kuka, yanzu kuwa wa zai ba ka a haka. Da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta yi sama, su kuma kayan gyara da inshora da hayar jirgi da babban gyaran da ake kai jirage waje duk da dala ne. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda tsadar dizal take cinye ribar tirela guda kafin ta isa Legas, don haka ban yi musun tsadar tikiti ba. Amma ɗaukar waya ba da dala ake yi ba. Fitowa ka tsaya gaban fasinjoji ka ce jama'a jirginmu ya samu matsala, ƙarami za a turo, masu bizines ku zo mu yi magana, wannan ba ya cin ko lita ɗaya ta mai.

A kasuwarmu in mutum ya daɗe yana sayen wake a wajenka, ranar da ka ce za ka yi masa gyara to gyara ce, ka cika mudu ka ƙara masa da hannu, ba za ka ce ya kawo kuɗin gyaran ba, balle ka karɓi kuɗin sannan ka hana shi waken. Wanda ya yi haka a Tudun Hatsi kafin la'asar labarinsa ya zaga, kuma sarkin kasuwa zai kira shi. Abin da ya sa na ɗauki alkawarin katin nan da gaske ke nan, don a inda na taso in ka ce wa mutum kai nawa ne to akwai nauyin da ya hau kanka.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya huce a kan yaran kaunta. Na sha ganin fasinja yana zagin yarinya sa'ar 'yarsa har yana dukan tebur, wannan ba daidai ba ne kuma ba ya dawo da ko kwabo, su ma tura su aka yi gaba aka hana su iko. Yaron da ya tura keken Dada har gindin matakala ya taimaka aka ɗaga ta, da na ba shi ɗan wani abu sai da na matsa ya karɓa. Cikin jirgin tsaf yake, kayanmu sun iso lafiya, saukar ma ba ka jin ta. Mutanen kirki suna nan a kamfanin, waɗanda suka zauna a ofis suka tsara yadda za a riƙa juya kastoma su ne matsalar.

Wanda yake da irin katin nan, kafin ka biya tikiti ka tambayi harafin ajinsa da ko yana ɗaguwa, kuma ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka cika kafin a taɓa makinka, in ka ga ya doshi kuɗin bizines ɗin to ka bar makinka ka yi amfani da shi wajen ƙarin kilo na kaya ko tikitin kyauta in suna bayarwa. Ka ɗauki hoton allon manhaja da ke nuna makinka, ka adana bodin fas ko da an soke shi da biro, nawa shi ne babbar shaidata yanzu. In za ka yi tafiya da tsoho ko mara lafiya ka nemi keken guragu da kujerar layin farko tun lokacin sayen tikiti, ka sa a rubuta a cikin bayanan tikitin. In an cuce ka ka fara rubuta wa kamfanin, in sun yi shiru ka kai wa sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, suna karɓa ta intanet, ka haɗa da lambobin ƙorafin da suka yi ta ba ka.

Ni nawa na kai, da rasit da hoton kalkuletar ma don na ɗauka. Ina neman cikon kuɗina da kashi 30 ɗin da doka ta ce, da makina gaba ɗaya ba tare da sabon wa'adi ba. Kuma tunda suna karɓar kuɗinmu a Gombe, su ajiye mutum ɗaya a Gombe mai jin Hausa wanda aka ba ikon warware irin wannan a take, ba sai an jira Legas ko Abuja ba. Likita ya ce a dawo da Dada bayan salla, kuma kafin lokacin nake son amsarsu a rubuce.